Tika, Gorarsa da 'Yar Kwana-Kwana

Sunansa na coci Tihomir, wato mai shiru, kuma ko wane ne ya zaɓa masa sunan nan bai jira ya ji bakinsa ba. Mu Tika muke ce masa. Mijin yayata ne, marigayiya Zagorka, saboda haka ni Stamena ina da izinin faɗin abin da na ga dama a kansa, kuma shekara hamsin da ɗaya ke nan ban bar izinin nan ya yi tsatsa ba.

Shekara talatin da huɗu ya yi yana raba wasiƙu a Brestovo da gidajen kan tudu, bisa wani baƙin keke da ba shi da birki sai dunduniyar mai shi. Shi ke karanta wa tsofaffi wasiƙun 'ya'yansu da ke aiki a Jamus, inda ɗan ya yi rowar gaisuwa kuwa sai ya ƙara masa daga aljihunsa. Gida ɗari da goma sha biyu ne a ƙauyen, ya san su da masu su da karnukansu, ya san mai cizo, ya san wanda baki ne kawai. A cikin masu gidan ma haka.

Da ya ajiye aiki sai bukliya, gorar gayyar biki, ta faɗo hannunsa. A wasu garuruwa saurayi ake ba ita, amma namu samarin duk sun watse Vienna da Munich, ɗan wanda ya rage kuma ba ya gane gidan kakarsa sai waya ta nuna masa. To, sai Tika. Ya sa kwat ɗinsa mai ruwan toka, ya murɗe gashin baki, a cika masa gorar katako da barasar gida, a ɗaura mata furanni da farin tawul, ya bi gida-gida. Maigida ya kurɓa ya yi fatan alheri, uwargida ta ɗaura wa gorar safa ko hankici, an gayyace su ke nan. Dokokin abin ba su da yawa, amma ba a wasa da su. Ƙofar da aka liƙa wa takardar rasuwa, gora ba ta shiga. Mai gora ba ya komawa gidan biki da labarin mutuwa a bakinsa, sai dai wani ya kawo. Gidan da aka tsallake ba dalili kuwa, an sayi gaba har jikoki. Akwai gida biyu a bayan coci da tun ina budurwa ba sa gaisawa a kan haka.

Shekara goma sha tara yana wannan aiki bai taɓa tsallake ko akurki ba, kuma bai taɓa riƙe takarda ba.

"Takarda ta masu rariyar kai ce," in ji shi.

Tabarau ma yana da shi, amma ranar gora a aljihun tebur yake barinsa, wai yana mai da shi mujiya a gaban mata.

Abu ɗaya ne ya fi ƙarfin Tika, shi ne barkono. Ba tattasan da muke gasawa mu yi ayvar, miyar da muke adanawa a kwalba, ba, a'a, ƙananan nan da ko akuya ba ta kusantarsu. A aljihu yake yawo da su, in aka zuba masa abinci a gidan mutane sai ya zaro ɗaya kamar mai zaro alƙalami. Ƙwannafi ya fara kama shi, gyambon ciki ya biyo baya. Wani tsohon likita ya rubuta masa wata 'yar ƙwaya mai rage tsamin ciki, ya ce ya sha wata biyu, kowace safiya kafin karin kumallo. Likitan ya yi ritaya, ya mutu, an binne shi, takardar magani kuwa tana ta sabunta kanta har shekara goma sha huɗu. Tika ya sa wa ƙwayar suna 'yar kwana-kwana. Da safe ya tura ta gaba, da rana ya kunna gobarar.

Bara, lokacin gasa tattasai, 'yarsa Radmila ta iso daga Vienna don aurar da 'yarta Nevena. Radmila a gidan kula da tsofaffi take aiki, tana yi musu wanka tana ba su abinci a baki, kuma tun da ta fara aikin nan take yi wa ubanta irin kallon da ake yi wa tsohuwar katanga da damina. Kwana biyu da zuwanta muna tsakar gida muna ɓare gasasshen tattasai, yatsunmu baƙi ƙirin, sai ga ta da kwalin magani a hannu.

"Baba, tun yaushe kake shan wannan?"

"Tun kina da sauran kunya."

"Ba wasa nake ba. Na karanta, kuma a wurin aiki ana faɗa. Wai tsofaffin da suka daɗe a kan irin maganin nan sun fi kamuwa da ciwon mantuwa."

"Su Wai da An-ce, a wane gida suke? In kai musu gora." Ya kanne mini ido, ya koma kan Radmila. "Ranar da aka haife ki Talata ce, ana ruwa, na kai wasiƙa goma sha bakwai kafin in zo in gan ki, kin fito jawur kamar wannan da ke hannuna. Me na manta?"

Na ce, "Ka manta ka mayar mini da tukunyata tun Ista."

"Wannan ba mantuwa ba ce, ƙanwata. Dabara ce."

Muka yi dariya, ban da Radmila. Ta zauna ta rubuta masa sunayen gidaje a takarda, ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya ƙunshe barkono a ciki. Amma magana zarar bunu ce. Da yamma na hange shi ta taga yana juya kwalin nan a hannu, kamar wasiƙar da ba ta da adireshi.

Ranar Juma'a ya fita da gora ya dawo yana waƙa. Ranar Asabar ya ƙarasa sauran gidajen, ya dawo da la'asar, gora ta yi nauyi da safa da hankici, amma babu waƙa. Ya rataye ta, ya zauna a ƙarƙashin rumfar inabi, idanunsa jajur. Aka kawo wake da nama ya ture. Barkono ma bai zaro ba. Na tambaye shi, ya ce gajiya ce.

Washegari da hantsi muka ji ana dukan ƙofa da sanda. Kosara ce. Mijinta ya daɗe da rasuwa, gidanta ne na ƙarshe a hanyar rafi, tattasanta ya fi na kowa nama, hannunta kuwa na jarirai ne, ba ya buɗewa. Benci ɗaya suka zauna da Tika a makaranta, kuma tun lokacin suke faɗa.

"Ina yake? Ina Tihomir? Ni za a tsallake? Ni da na yi wa uwar amarya wankan farko? Gora ta shiga gidan maƙwabcina, ina jiyo dariyarsu, ni kuwa na share tsakar gida na zauna kamar shashasha!"

Tika ya fito daga ɗaki da kofin kofi. Yana ganinta kofin ya suɓuce ya fashe. Ya yi alamar gicciye sau uku, ya ja da baya.

"Kosara? Ke ba kin mutu ba?"

Kosara ta doka sandarta a ƙasa.

"Ni? Ni ce na mutu? Sai na ci waken sadakarka, tsohon banza, in kuma ce gishiri ya yi yawa!" Ta juya ta fice, ta bar mana ƙofa a wangale.

Sai a lokacin ya buɗe baki. Ya ce da ya isa ƙofarta ya ga takarda mai baƙin gefe a liƙe, har da hotonta a sama. Ya cire hula, ya yi mata addu'a, ya wuce. Ya ɗauka ba a kaɗa ƙararrawar rasuwa ba ne don limamin coci yana wani ƙauye, ya kuma haɗiye maganar saboda dokar gora. Radmila ta zari mayafi ta nufi hanyar rafi. Ta dawo fuskarta ba jini.

"Babu takarda a ƙofar nan, Baba. Ko ƙyalle babu."

A ranar ta yanke hukunci. Gora za ta koma hannun wani ɗan'uwan ango, ya sake bin gidajen da takarda. Bayan biki kuma Tika zai bi ta Vienna, tana da ɗaki, tana da likitocin da ta sani. Zai bar gidan da ya gina da hannunsa, da inabinsa, da kabarin Zagorka. Na jira ya yi tsalle ya yi tsawa kamar yadda ya saba. Ko uffan bai ce ba. Ranar nan kaɗai na ga ya ci sunansa, kuma ban ji daɗin ganin ba.

Abin da ya yi a ɓoye shi ne ya zazzage ƙwayoyin nan kaf a murhu. Aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago. Cikin kwana uku wutar ta dawo da 'yan'uwanta, ko burodi da madara ba ya iya haɗiyewa sai ya dafe ƙirji. Ranar Laraba da rana na same shi a bayan gida, zaune a kan kututture, yana lissafa gidaje da yatsu kamar ɗan aji ɗaya.

"Kai kuma fa? Haddar me kake yi?"

"Ina dubawa ne ko akwai wanda ya gudu." Ya ɗago ya dube ni. "Stamena, na ga takardar nan kamar yadda nake ganinki. In har ina ganin abin da babu, gobe me zan daina gani?"

Na ji tsoro, tsoro na gaske. Yayata ta bar mini shi amana, kuma duk ƙauyen nan babu wanda ya rage da ya san ni tun ina da kitso biyu sai shi. Don kada ya ga idona sai na daka masa tsawa, na ce ya tashi ya aske gemu, gobe motar safe za mu bi.

Likitar garin yarinya ce, ba ta wuce sa'ar Nevena da yawa ba. Muka shiga mu uku. Ta ba shi kalma uku ya riƙe, ta sa ya zana agogo, ta tambaye shi rana da wata. Ya zana agogon har da ƙararrawa. Da ta nemi kalmomin ya ba ta, sannan ya karkata kai yana kallonta.

"Ke ba jikar Milisav mai injin niƙa ba ce? Hancin ne. Kakarki kowane wata tana samun wasiƙa daga Zurich, koren ambulan, ba ta buɗewa sai na tafi."

"Baba, ni ce ke gwajin," in ji likita.

"To, bari in ba ki gidajen Brestovo." Ya fara daga coci. A gida na arba'in ta ɗaga hannu ta ce ta yarda, akwai mutane a layi.

Radmila ta ajiye mata kwalin, wayam ba ko ƙwaya ɗaya, ta faɗi abin da ta karanta. Likita ba ta yi mata dariya ba.

"Kin yi daidai da kika tambaya. Masu bincike ba su haɗa baki ba. Wasu sun ga kamar akwai alaƙa, wasu sun duba ba su ga komai ba. Masu shan maganin nan galibi tsofaffi ne da ke fama da wasu cututtukan, to ba a san wa za a ɗora wa laifi ba. Amma maganin wata biyu ya kai shekara goma sha huɗu ba wanda ya waiwaye shi, wannan kam bai dace ba. Yakan rage wani sinadari a jini da ƙwaƙwalwa ke so, zan duba. Kuma ba a yanke shi rana ɗaya, a hankali ake sauka. Wa ya ce ka daina?"

"Murhu," na ce.

Likita ta dubi Tika. "Barkono fa, Baba, nawa a rana?"

"Biyu."

"Aljihu biyu," na ce.

A mota Tika ya ɗan farfaɗo, har yana tsokanar direba. Radmila kuwa ta matso kusa da ni. "Inna, gwajin minti goma ne. Na ga masu zana agogo tsaf, su juyo su kira ni da sunan uwarsu. Takardar fa? Wa zai ba ni amsar takardar?" Tikitin Tika na Vienna yana nan a jakarta.

Saura kwana biyu biki na gasa burodin cuku na tafi ba Kosara haƙuri, don ba a ɗaura aure da gaba a bayan gida. Na same ta a tsugune tana hura wuta a ƙarƙashin tukunyar ayvar. Ta ƙi kallona, amma ta kalli burodin. Ta miƙa hannu ta zaro takarda daga wani tuli za ta cusa a wuta, sai idona ya faɗa kan baƙin gefe. Na fizge.

Ga Kosara a sama, da baƙin ɗankwali, fuska a murtuke. A ƙasa an rubuta: ANA SAYAR DA TATTASAI. JA, MAI NAMA. A TAMBAYI KOSARA.

"Ke! Mene ne wannan?"

"Talla. Ba ki iya karatu ba? Ranar Asabar na liƙa don mutanen gari masu bin hanyar rafi, kafin yamma kaya suka ƙare na cire."

"A takardar rasuwa?"

"Mai buga takardun ya ce yana da ragowar masu gefe, sun fi araha. Takarda ai takarda ce."

"Hoton fa?"

"Ya ce wurin hoto yana nan, ko na sa ko ban sa ba kuɗin ɗaya ne. In bar masa a banza?"

Na zauna daɓas a ƙasa ina dariya har numfashina ya sarƙe. Da na samu kaina na gaya mata komai: tsohon ba tabarau, ya hango daga bakin hanya, ya cire hula.

"Hula ya cire?"

"Ya dawo ido jajur. Ya ƙi abinci. Barkono ma ya ƙi."

Ta daina hura wutar. "Barkono ya ƙi ci? Saboda ni?" Ta goge hanci da bakin zane. "Hayaƙin nan ya cika yawa. Ki ce masa gidana yana nan inda ya bar shi."

Da na koma ban ce wa kowa komai ba. Na liƙa takardar a ƙofar rumbu, na kira Radmila daga kicin. Daga taku goma ta hango, ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo, Kosara!" Da idonta garau. Sai da ta matsa ta karanta. Tika ya fito, ya tsaya, ya nuna takardar da yatsa.

"Ita ce! Ga ta nan! Kun ce na haukace!"

"Karanta, mujiya," na ce, na miƙa masa tabarau.

Ya karanta. Muka fashe, har Nevena ta fito da fil a baki daga gwajin riga. Radmila ta yi dariya har ta durƙusa, kuma a durƙushen nan dariyar ta juye kuka, irin wanda aka daɗe ana riƙewa.

"Baba, ba ka sani ba. Kowace Lahadi ina ganinsu. 'Ya ta zo da furanni tun daga nesa, uban ya dube ta ya ce, baiwar Allah, wa kike nema? Ni nake raka su ƙofa. Duk wadda na raka sai in ga ni ce."

Tika ya dafa kanta. Sannan ya shiga ɗaki ya sa kwat, ya ɗauki gora, ya gyara tabarau a kan hanci, ya nufi hanyar rafi. Kosara ta kurɓa sau biyu, ta ɗaura wa gorar safa ƙafa ɗaya, ta ce ɗayar sai ranar da ta mutu da gaske. A bikin su biyu suka buɗe rawa, suna taka juna suna zagin juna.

Yanzu 'yar kwana-kwana sai bayan kwana biyu take fita aiki, bisa umarnin likita. An same shi da ƙarancin sinadarin nan, ana yi masa allura. Barkono an yanke masa sai Lahadi, ko da yake a gidan Tika mako yana da Lahadi uku. Ko maganin yana taɓa ƙwaƙwalwa ko ba ya taɓawa, ni ban sani ba, likita ma ta ce ba a gama sani ba. Mutumin yana da shekara saba'in da tara, kuma gobe ta Allah ce.

Ranar da Radmila za ta koma, ita kaɗai, mun raka ta bakin hanya jiran mota. Tika ya zaro wani littafin 'yan makaranta daga aljihun da barkono ke zama. Kwana uku ya yi yana rubutu a ɓoye, shi da ya ce takarda ta masu rariyar kai ce. Gidajen Brestovo ne duka, da masu su, da karnukansu.

"Ba don na manta ba," in ji shi. "Don ranar da ba a fata."

Radmila ta buɗe. Gidan farko ba na kusa da coci ba ne. Da manyan baƙaƙensa na ma'aikacin gidan waya ya rubuta: Radmila, 'yar Tihomir da Zagorka. An haife ta Talata, ana ruwa. Tawa ce.

"A wurina zai zauna, a aljihun nan," ya ce. "In ranar ta zo na tambaye ki wa kike nema, kada ki yi kuka, kada ki bari wata ta raka ki ƙofa. Ki zaro shi ki nuna mini. Rubutuna ne, kuma ni ban taɓa musu da adireshi ba."